Kalmar da Ta Ci Mini Nono Guda

Yanzu da na warke, har ina iya ɗaga hannun hagu in sauko da tukunya daga saman kanta ba tare da na ciji leɓe ba, bari in rubuta abin da ya same ni. Anti Memuna ce ta matsa mini. Ta ce in ban rubuta ba, ita za ta tsaya a gaban mata ranar Juma'a bayan salla ta ba da labarin da bakinta, kuma na san halinta, sai ta ƙara masa gishiri da yaji. Gara in tona kaina da kaina, ko wata mai ciki za ta karanta ta tsira.

Sunana Rakiya. 'Yar Zariya ce ni, kuma shekara huɗu na yi ina koyar da Turanci a firamare kafin in biyo mijina Greensboro, a Amurka. Ku riƙe wannan maganar ta koyar da Turanci, don ita ce ta kayar da ni. Duk ranar da na je awo, matar da ke karɓar kati sai ta tambaye ni ko ina son tafinta, ni kuwa sai in ɗaga kai in ce a'a. Ni da na gyara wa yara sittin rubutu a aji ɗaya, wane tafinta?

Cikina na wata shida da 'yan kwanaki, bayan an gama auna ni, nas ɗin ta zauna ta zuba mini bayani. Mace ce mai fara'a, amma maganarta irin ta mutanen nan ce, kalma na hawa kan kalma. Daga cikin duk abin da ta faɗa, uku na cafke: “breast”, da “pump”, da “covered”. Sai ta dube ni ta ce, “Make sure you're covered, okay?”

A sanina “covered” rufewa ne. Haka na koya, haka na koyar: a rufe tukunya, a rufe littafi. Nan take na ɗauka cewa take yi in na haihu in riƙa rufe ƙirjina wajen shayarwa, kada in buɗe a gaban jama'a. Na dube ta, na dubi kaina. Hijabina har gwiwa, da safa a ƙafa, a watan da zafin garin nan ke dafa mutum. Ita kuwa damatsanta a waje. Wai ita ce za ta koya mini rufe jiki! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ƙara jan hijabi na ce mata, “Yes, I am covered,” da ƙarfi, don ta ji da kyau. Ta yi murmushi, ta danna wani abu a kwamfutarta, ta miƙo mini takarda. Na ninke ta huɗu na cusa a ƙasan jaka ban karanta ba. Maganar “pump” kuwa famfo ya faɗo mini a rai, na rasa abin da ya haɗa famfo da ni, ban kuma tambaya ba. A gida ma ban ce wa Malam, mijina, komai ba. Cikin fari ne, ko sunan cikin ba na iya kamawa a gabansa, balle zancen nono.

Bayan wata guda, da safe ina dama koko, faya ta fashe. Saura wata biyu lissafina ya cika. Kafin azahar na haifi ɗa namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi, ko kukansa ban ji sosai ba aka wuce da shi. Sai da yamma aka tura ni a keke na gan shi a cikin kwalba, da siririn tiyo a hanci, ƙirjinsa na sama da ƙasa da sauri. Likitar jarirai ta ce ba zai iya kama nono ba tukuna, don bai iya haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi ba, sai nan da makonni. Ta ce ta tiyon nan za a riƙa ba shi, kuma nonona magani ne a gare shi. Ta ƙara da wata magana da har yau ke kunnena: jiki yana yin nono ne gwargwadon abin da aka cire, in aka bar shi a ciki, sai ya ɗauka ba a bukata ya daina. Abin da ke gabana ke nan. In riƙe nonon nan kada ya ƙafe, har ranar da yaron zai iya kamawa da bakinsa.

A asibiti abin bai yi wuya ba. Sun turo mini wani babban injin tatsa mai taya, duk bayan awa uku nas ta leƙo. Ɗigon farko mai rawaya da ya fito, a ɗan sirinji suka zuƙe shi suka ruga da shi kamar zinariya. A nan na gane abin da ake nufi da “pump”. Amma wallahi ko kusa ban haɗa shi da takardar da ke ƙasan jakata ba.

Rana ta uku aka sallame ni, aka bar shi. Malam ya sauka ɗauko mota, daga ni sai Gwaggo a ɗakin. Gwaggo ƙanwar mahaifin Malam ce, dattijuwa, ba ta jin Turanci ko na gaisuwa, kuma ita ce uwata a ƙasar nan. Nas mai kula da shayarwa ta shigo, ta duba kwamfuta, ta ce an rubuta na riga na shirya, ina da nawa injin a gida ko? Ta yi maganar tana nuna ƙirjinta da hannu biyu. Gwaggo na zaune tana jan carbi. Kunya ta rufe ni, ga shi hankalina duk yana kan cewa zan fita daga ginin nan hannu rabbana. Na ce eh don ta tafi. A raina na ce in ya so Malam ya saya.

Da yake haihuwar fari ce, Gwaggo ta ce gidanta zan yi jego, can Pleasant Garden, bayan gari, inda take zaune a gidan ɗanta. Gida ne mai fili, shiru kamar ba mutane, ba bas, ba shago kusa, Gwaggo ba ta tuƙi, ni ma haka. Ɗan nata direban babbar mota ne, sai ya yi mako ba a gan shi ba. Malam kuwa a sito yake aiki daga asuba, sai la'asar yake zuwa ya kai mu asibiti. Injin asibiti ke nan sau ɗaya a rana, in na yi sa'a sau biyu kafin mu tashi.

A mota na gaya wa Malam, fuskata na kallon taga, cewa akwai wani abin tatsa da ake saya. Ya tsaya a wani babban shago a titin Gate City Boulevard, ya daɗe, ya fito da 'yar leda. Ya ce na lantarkin ya kusa cinye rabin albashinsa na mako, ga shi ba mu san abin da asibiti za su aiko ba, sai ya ɗauko na hannu mu fara gani. Abu ne ƙarami mai mariƙi kamar na feshin maganin sauro. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Gwaggo ce ta fara ganinsa a kan gado. Ta ɗaga shi da yatsa biyu.

“Wannan fa?”

Na sunkuyar da kai na ce na tatsa ne.

“Tatsa? Mutum ake tatsa? Mu dai a gidanmu saniya muka san ana tatsa.” Ta ajiye shi ta goge yatsunta a zani. “Allah ya kyauta. Ƙasar nan ba abin da ba za a gani ba.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta shige ni. Daga ranar na koma ɓoye shi a cikin tawul, ina shiga banɗaki in kulle in yi sauri-sauri, hannuna ya gaji in bari. Abin da aka ce sau takwas a rana, ni ina yin biyu ko uku.

Kada wani ya karanta wannan ya zagi Gwaggo, ba zan yafe ba. Matar nan da ciwon gwiwarta take tashi ta tafasa ruwa a manyan tukwane biyu, ta kai banɗaki, ta yi mini wanka da tawul tunda ba ganyen darbejiya a nan. Ta dama kunun kanwa, ta gasa nama da yaji, ta tsaya a kaina sai na cinye. Ko uwata iyakar abin da za ta yi ke nan. Kunun kuwa ya yi aikinsa, nono ya taho da ƙarfi, sai dai ba shi da hanyar fita. Ranar bakwai aka yanka rago a wata gona, aka raɗa suna mai sunan yana cikin kwalba. Sunan mahaifin Malam ya ci, wan Gwaggo, saboda haka ni ba na kama sunan, ita kuma Yaya take ce masa. Takan tsaya a jikin kwalbar ta ce, “Yaya, ka dawo mana da ƙanƙanta haka?”

A mako na biyu nonon hagu ya fara tauri. Da farko gefe ɗaya, daga baya duka, ya yi nauyi ya yi zafi, ko hijabi ya taɓa shi sai na ji har tsakar kaina. Na kira layin asibitin awo, wadda ta ɗauka ta tambaye ni ko wurin ya yi ja. Haba baiwar Allah! Ni baƙa ce wuluk, ina zan ga ja? Na ce ban gani ba. Ta ce to in ci gaba da tatsa, in zazzaɓi ya zo in kira. Wannan tambayar tasu har yau tana ba ni haushi, ya kamata a ce sun san akwai fatar da ba ta nuna ja.

Sai shawarwari suka fara zubowa. Ummata ta kira daga Zariya ta ce yaron ne ya yi gyatsa a kan nonon. Na ce Umma, yaron da ke cikin kwalba, ina ya ga nonon da zai yi wa gyatsa? Ta ce to a samo mataji a riƙa taje shi daga sama zuwa ƙasa. Wata a zauren matanmu na waya ta ce ganyen kabeji, wata ta ce man kaɗanya, wata kuma, Allah ya shirye ta, ta turo mini labarin ƙawarta da abin ya fara haka ya zama ciwon daji. Gwaggo ta ɗauki nata, tawul mai zafi da matsa. Takan danna da tafin hannu har sai na ga taurari, tana cewa in yi haƙuri, haka aka yi mata a haihuwarta ta fari. Duk na yi. Kabejin ma na sa, na wuni ina warin miya.

Abin da ya fi ciwon tayar mini da hankali shi ne 'yan kwalaben da nake kai wa asibiti, masu sunana a jiki. A makon farko ina cika rabi. Yanzu da ƙyar yake rufe gindin kwalbar. Nas ɗin ɗakin jarirai takan karɓa ta ce kowane ɗigo yana da amfani, amma ina ganin yadda take ɗaga kwalbar tana dubawa. Wata Alhamis likita ta zaunar da mu ta ce nawa ba ya isarsa, za a ƙara masa, ko dai madarar gwangwani ta bakwaini, ko kuma nonon da wasu mata ke bayarwa kyauta ana tarawa a dafa a adana. Ta ce a sa hannu in mun yarda. Malam ya fassara wa Gwaggo. Carbinta ya tsaya.

“Nonon wa?”

Ya ce ba a sani ba, haɗawa ake yi.

“Yaya ya tashi da 'yan'uwan nono a garin nan bai san su ba? Gobe ya ga yarinya ya ce yana so, wa zai ce masa ƙanwarsa ce?”

Ni ba malama ba ce, ban san hukuncin ba, kuma daga baya na ji malamai ma sun yi magana iri-iri a kai. Mu dai a ranar madarar gwangwani muka zaɓa. Muka shiga mota muka bar gari. Sai Gwaggo ta juyo ta ce, “Ke, ina abin nan naki? Fito da shi daga tawul, na san inda kike ɓoyewa. A tatsa. A tatsa mana!”

Sai dai an makara. A farkon mako na uku sanyi ya kama ni da rana tsaka, haƙora na kaɗawa, Gwaggo ta lulluɓa mini bargo uku. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ku ji fa, a Pleasant Garden, ni da na shekara biyu rabona da gida! Na sha farasitamol kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi Malam ya zo ya tarar ba na iya ɗaga hannu, bai tambayi kowa ba ya sa ni a mota. Awa huɗu muka yi a ɗakin jira na gaggawa, tsakanin wani mai karyayyen yatsa da wata tsohuwa mai tari, ina rungume da ƙirjina kamar wadda ta sato wani abu. Da aka shiga da ni, likitan ya sa na'ura ya duba, ya ce “mastitis” ne, wato ciwon kumburin nono, kuma ya riga ya tara ruwa ya zama ƙurji a ciki. Da allura suka zuƙe mugunyar. Ba zan kwatanta ba, na dai kira sunan Ummata da ƙarfi a gaban mutanen da ba su san ta ba. Ya rubuta magani, ya ce a daina matsawa da ƙarfi, a daina ruwan zafi a wurin, sanyi ake sawa. Da Malam ya gaya wa Gwaggo, sai ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

Washegari Lahadi Anti Memuna ta zo dubiya da kular wake da shinkafa irin ta mutanen Gana. 'Yar zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a East Greensboro, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ba takardar ƙasar nan da ba ta san kanta ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a wurinta. Tana shiga ta hango abin tatsar a kan tebur.

“Ei! Rakiya, da wannan kake fama? Ina na inshora?”

Na ce wace inshora?

“Inshoran mijinka mana! Ba su ba ka takarda a wurin awo ba? Kawo jaka.”

Ba ta jira ba, ta zazzage jakata a kan gado. Ga dabino, ga tsofaffin rasit, ga takardar nan a ninke huɗu, man shafawa ya ɓata gefenta. Ta buɗe ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce an rubuta ɓaro-ɓaro, inshorarmu tana ba da injin lantarki ba ko sisi, lambar da za a kira ma ga ta an ja mata layi. Tun ina da ciki ya kamata in kira. Na ba ta labarin nas ɗin, da hijabina, da amsar da na ba ta.

Anti Memuna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. “Malamin Turanci! Kai, Rakiya, ka kashe ni!” Tana share hawaye ta ɗago ta ga fuskata, sai dariyar ta tsaya. Ta dawo bakin gado ta riƙe hannuna. Ta ce a bakin 'yan inshora, in sun ce abu “covered” ne, nufinsu sun ɗauki nauyinsa, su za su biya. Matar tambayata take ko na kira an shirya mini, ni kuma na ce eh, ta rubuta eh.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka zuƙe ƙurjin. Ɗana na can ana ɗura masa madarar gwangwani, ni ina nan da rami a ƙirji, duk a kan kalma ɗaya da girman kaina. Gwaggo ta shigo da sauri ta ce me ya faru, wani abu ya sami Yaya? Anti Memuna ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa kalmar tana nufin rufewa, tana kuma nufin a ɗauke wa mutum nauyin biya. Gwaggo ta juya maganar a ranta.

“To ai ba ta yi ƙarya ba,” in ji ta. “Rufin asiri matar take nufi.”

Na daina kukan na dube ta. Kullum sai na ce Allah ya rufa mana asiri, kuma ban taɓa nufin zani ko mayafi ba. Kalmar tana bakina tun ina yarinya, da ma'anarta biyu, daidai yadda take a nasu. Tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba ta gane cikin minti guda abin da ni malama na kasa ganewa wata biyu.

Da Malam ya zo na miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu. Ya ce, “Duk wata sai an cire kuɗin inshorar nan daga albashina. Me ya hana ki nuna mini?” Na ce kunya. Ya zauna ya dafe kai, can ya ce shi ma ai bai taɓa tambayata me ake cewa a wurin awo ba, a mota yake jira. Daga nan bai sake tayar da maganar ba, kuma na gode masa.

Kada ku ɗauka da an kira shi ke nan. Ranar Litinin Anti Memuna ta haɗa mu a waya lokacin hutunta na cin abinci, muka sha kiɗan jira har hutun ya ƙare ba a ɗauka ba. Talata aka ɗauka, aka ce sai da takardar likita. Aka samo takardar, aka ce ba a kowane shago ake karɓa ba, sai ta kamfanin da suke hulɗa da shi. Na hannun da Malam ya saya kuwa, sun ce wannan ruwanmu. Anti Memuna ce ta san ta ce musu jaririn yana kwance a asibiti, sai ga shi wai akwai babban inji irin na asibiti da suke biyan hayarsa in likita ya rubuta dalili. Da ba ta faɗa ba, ba mai gaya mana. Sai Juma'a injin ya iso. Kwana biyar ina kallon hanya, ina lissafin abin da ke ƙafewa. Na gode musu da suka biya, amma wanda ya tsara hanyar nan bai taɓa zama da nono a kumbure yana sauraron kiɗa a waya ba.

Daga ranar Gwaggo ta zama mai tsaron lokaci. Ba ta yarda da agogo ba, da salla take lissafi: kafin kowace salla, da hantsi, da tsakanin azahar da la'asar, da in ta tashi nafila. Sai in ji ta a bakin ƙofa, “Ke, lokacin abincin Yaya ya yi.” Ita ke wanke kwalabe da ruwan zafi, tunda an hana ta gasa ni da shi. Ita ke rungume 'yar kular ƙanƙara da muke sa nonon a ciki a cinyarta har asibiti, ko Malam ba ta ba shi ya riƙe. Nonon dama ya fara dawowa a hankali, daga gindin kwalba zuwa kwata, zuwa rabi. Ranar da ya cika kwalba, Gwaggo ta ɗaga ta a gaban nas tana cewa “Kin gani?” da Hausa, nas ɗin kuma ta amsa da kai kamar ta ji.

Na hagu bai dawo ba. Mako biyu ina sa masa inji, sai ɗigo uku, huɗu, daga baya ko ɗigon babu. Nas mai kula da shayarwa, wadda na yi wa ƙarya ranar sallama, ta ce wani lokaci haka yake faruwa, wataƙila a haihuwa ta gaba ya farfaɗo, wataƙila a'a. Na gaya mata gaskiyar abin da ya faru. Ba ta yi dariya ba. Ta ce daga yau za ta riƙa cewa mace ta nuna mata hoton injin a waya kafin ta yarda. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. In na tsaya gaban madubi na ga ɗaya cike ɗaya a kwance, da ɗan tabon allura, sai in tuna yadda na ja hijabina ina hura hanci.

Saboda haka 'yar'uwa, in kina da ciki a ƙasar nan, juya katin inshorarki, akwai lamba a baya, ki kira tun kafin wata bakwai ki tambaya ko suna ba da injin tatsa, da yadda ake karɓa, don kowace inshora da nata tsarin. In an ce kina son tafinta, ki ce eh, ko da ke kika rubuta ƙamus. Takardar da aka ba ki a wurin awo, ki ba wani ya karanta in ke ba za ki iya ba. In nono ya yi tauri ya yi zafi kada ki jira ganin ja, kuma zazzaɓi a cikin jego ba na farasitamol ba ne. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban ce a yar ba, amma ni ta hana ni tambaya sau biyu, kuma ɗana ne ya kusa biya.

A mako na biyar aka ce a gwada shi da gaske. Kafin nan an sha ɗora mini shi, sai ya lasa ya yi barci. Ranar an cire masa tiyon hanci, sai na ga ashe hancin Malam ne da shi. Aka zaunar da ni a kujera kusa da gadonsa, Gwaggo na gefe da kularta a cinya. Nas ta miƙo mini shi, sannan ta ɗauko wani ɗan bargo ta tsaya da shi a hannu, ta dubi hijabina ta ce, “Do you want to be covered?”

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na biye da ita. Baiwar Allah ta tsaya tana kallona, ba ta san me ta faɗa ba. Wannan karon na fahimce ta sarai, bargon take nufi. Na ce mata a'a. Na ɗage hijabin na ɗora a kafaɗa, na sa shi a na dama. Ya yi ta laluba da baki, ya saki, ya sake laluba, sannan ya kama. Na ji ja har cikin bayana. Ƙaramin maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya, ya tsaya ya yi numfashi, ya sake motsawa.

Sai na tuna Gwaggo na wurin, ga ni ƙirji a buɗe, na ƙura wa ɗan fari ido a gaban surukata. Na fara kawar da kai. Ta juya kujerarta ta fuskanci taga, ta ba ni baya.

“Kalli abinki, 'yar nan,” in ji ta. “Ni motoci nake kallo. Ki dai gaya mini in Yaya yana haɗiya.”

Na ce yana haɗiya, Gwaggo.